Daga Buhun Gyaɗa Zuwa Kwantena

Babban ruwan da mutumin Karaye ko Rogo ya saba gani shi ne na madatsar Challawa. Duk da haka, fiye da ƙarni guda ke nan jiragen teku suna da hannu a farashin abin da yake nomawa da abin da yake sawa a jiki.

Alaƙar ta ƙullu ne bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Gyaɗar ƙauyukan yammacin Kano ta riƙa shiga birni a kan jakuna, daga baya a motoci, ana tara ta dala-dala kafin jirgin ƙasa ya kai ta Legas. A can, buhu-buhu ake loda ta cikin jiragen kamfanoni irin su Elder Dempster zuwa Liverpool, aikin da kan tsare jirgi kwanaki a tasha.

A 1956 wani ɗan Amurka mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Dabarar ba ta da wuya: a rufe kaya cikin akwatin ƙarfe, kada a buɗe sai inda za su. Kuɗin lodi ya faɗi warwas, jiragen kuma suka yi ta girma. Ever Given, wanda ya toshe mashigin Suez kwana shida a 2021, tsawonsa mita 400 ne.

Sai dai kwantena ta riski Nijeriya a mugun lokaci. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe dalar Kano, kuɗin man fetur kuma ya koya wa ƙasa sayen na waje. Akwatunan suka riƙa zuwa cike, da yawansu su koma fanko. Atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari, ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kano, ta wannan hanya ta zo.

Yanzu riɗi da zoɓorodo da citta suna barin kasuwar Dawanau cikin kwantena, an kuma ƙaddamar da tashar tudu ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023. Amma sauƙin da manyan jirage suka kawo a bakin teku yake tsayawa. Sauran tafiyar, kusan kilomita dubu tsakanin Apapa da Kano, akasarinta har yanzu tirela ce ke yin ta, kuma kuɗin dizal da na shingayen hanya daga farashin da ake taya manomi ake zare shi.