Yadda Kaɗawa ke Mutuwa Daga Baki: Taƙaitaccen Tarihin Wata Matsalar Lissafi

Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar kogin Isa a Tondibiya, kusa da Yamai, ya san cewa idan aka girgiza igiyar da ta ɗaure kwalekwale, motsin yakan bi igiyar ya je ya dawo, sa'an nan ya lafa. Ruwa ne ke shanye ƙarfin motsin a bakin igiyar da ke haɗe da jirgin. A wannan maƙala za mu bi tarihin yadda masana lissafi suka fuskanci irin wannan dakushewa ta baki.

A 1747 d'Alembert ya rubuta lissafin kaɗawar tsirkiya. Tsirkiyarsa kuwa ba ta yin shiru, domin ƙarfin da ke cikinta ba ya raguwa. Haka kuma miƙaƙƙen lissafi ne, wato idan aka ninka bugu sai motsi ya ninku daidai. Da aka shiga lissafin da ba miƙaƙƙe ba, sai tambayar farko ta zama: shin akwai ma amsa? Jörgens a 1961, da Lions da Strauss a 1965, sun tabbatar da samuwarta bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai Levine ya nuna a 1974 cewa amsa tana iya bunƙasa ta wuce kowace iyaka cikin ƙayyadadden lokaci.

Tambaya ta biyu ita ce saurin mutuwar motsi idan a baki kaɗai ake rage ƙarfinsa. Bukatar hakan a fili take, domin injiniya ba ya iya shiga cikin dogon ƙarfe ko fiffiken tauraron ɗan'adam. Gefe kawai hannunsa ke kaiwa. Lions kansa ya shugabanci hukumar sararin samaniyar Faransa daga 1984 zuwa 1992. Chen a 1979 da Lagnese a 1983 sun nuna cewa, idan siffar wurin ta dace, ƙarfin yana rasa kaso ɗaya tsayayye a kowane tsawon lokaci guda. A 1992 Bardos da Lebeau da Rauch suka fito da ainihin sharaɗin: dole kowace hanya da motsi ke bi, kamar hasken da ke komowa daga madubi, ta taɓa bakin da ke shanye ƙarfi cikin ƙayyadadden lokaci. A 1993 Lasiecka da Tataru suka warware batun dakushewar baki da ba miƙaƙƙiya ba, inda suka mayar da saurin raguwar zuwa wani ƙaramin lissafi mai sauƙin nazari.

Abin da muka fahimta shi ne, tambayoyin biyu ba su rabuwa. Georgiev da Todorova sun nuna a 1994 cewa gasa ce tsakanin abin da ke iza motsi da abin da ke dakushe shi, kuma Vitillaro ya kai wannan nazari zuwa baki a 2002. Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawarar kada su yi gaggawar auna saurin mutuwar amsa kafin su tabbatar da cewa tana nan har abada.