Jaws: Me Ya Sa Kifin 1975 Yake Tsorata Mu Har Yau?

Yau tarihin wani tsohon fim za mu taɓa, fim ɗin da ya girmi da yawa daga cikinmu, wato Jaws.

Na fara kallonsa ina yaro a wani gidan kallo a Yelwa. Wallahi sai da na yi mako guda ban yarda na sa ƙafa a ruwa ba, alhali na san sarai babu kifin shak a Kogin Kwara. Dorina da kada muke da su. To me ya hana ni shiga?

Asalin labarin littafi ne da Peter Benchley, ɗan Amurka, ya fitar a 1974. Shekara guda bayan haka Steven Spielberg, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba, ya mayar da shi fim, aka sake shi ranar 20 ga Yuni, 1975. An yi ɗaukar a cikin teku na gaske, kusa da tsibirin Martha's Vineyard. Nan aka sha wuya. Kifin inji da suka ƙera ya yi ta lalacewa saboda ruwan gishiri, aikin da aka tsara na kwana 55 ya kai kwana 159.

Wannan matsalar ce ta zama alheri. Da kifin ya ƙi aiki, sai Spielberg ya rage nuna shi. Kyamara ta koma idon kifin, tana bin ƙafafun masu ninƙaya daga ƙasa, ga kuma kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ƙara sauri. Kai da kanka za ka ƙera dodon a zuciyarka. Duk wanda ya taso a bakin ruwa ya san wannan tsoron: saman ruwa lumui, amma ba ka san abin da ke ƙasa ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku, ya kuma zama wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a zamaninsa, kafin Star Wars ya ture shi.

Da na sake kallonsa bayan na gama jami'a, sai na ga kifin ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Magajin garin ne. Shugaban 'yan sanda, Brody, ya so a rufe bakin teku tun mutuwar farko. Magajin gari ya hana, don kada baƙi masu kawo kuɗi su gudu. An san akwai haɗari, aka zaɓi ciniki, wani yaro ya rasa ransa.

Ku faɗa mini, wannan labarin baƙo ne a wurinmu? Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski. Rahotanni suka ce fiye da mutum 150 sun ɓace. Babu dodo a wannan rana. Lodi ne ya wuce ƙima a tsohon jirgi. Kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane, wannan tafkin shi ne hanyarmu ta kasuwa da ta zumunci. Ba mu da zaɓin ƙaurace masa.

Shi kansa Benchley daga baya ya yi nadamar yadda ya sa duniya ta tsani shak, ya ƙarasa rayuwarsa yana fafutukar kare halittun teku har ya rasu a 2006. Ya gane an ɗora wa dabba laifi fiye da nata.

Saboda haka ga roƙona gare ku matasa. In za ka shiga jirgi ranar kasuwa, nemi rigar ruwa. In ka ga lodi ya yi yawa, ka yi magana ko da za a ce ka cika tsoro, kuma ka sauka in an ƙi ji. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye na gaba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.