Maru da Gusau: yadda aka taɓa haɗa albashi da kujerar siyasa a Arewa

Duk sanda aka kaɗa gangar zaɓen ƙananan hukumomi sai maganar nan ta taso a majalisun hira, daga Kwatarkwashi har Tsafe: wai don me za a ce sai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya ajiye aiki kafin ya nemi kansila? Ba shi ya fi kowa sanin damuwar mutane ba? Ban raina wannan hujja ba. Sai dai Arewa ta taɓa gwada abin da ake nema ɗin, daga 1951 har zuwa juyin mulkin 1966, kuma manyan mutum biyu da labarin ya rataya a wuyansu duk a ƙasar nan tamu suka yi aiki.

Na farko Malam Aminu Kano. A 1949 aka ɗauke shi daga Bauchi aka kawo shi kwalejin horon malamai ta Maru, nan gaba da Bunguɗu kaɗan. Dokar aikin gwamnatin Turawa ta hana ma'aikacinta tsoma baki cikin siyasa. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba a rufa shekarar ba Malam ya ajiye alli, ya bar albashi, ya tafi.

Na biyu Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka turo Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato. Shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, na En'e ne, kuma waccan doka ba ta hau kan ma'aikatan En'e ba. Nan gizo ke saƙa. Hakimi da magatakarda da ma'aji da malamin En'e duk suna iya tsayawa zaɓe, su tafi majalisa a Kaduna, su dawo su tarar da kujerarsu tana jira.

A yi wa mutanen nan adalci, Allah Ya jiƙansu. A lokacin 'yan boko nawa ne a Arewa? Wanda ya fito Kwalejin Katsina ba shi da wurin zuwa sai aji ko ofishin En'e. In ka ce kada ɗan En'e ya shiga majalisa, to ka rufe majalisar ke nan. Cikinsu ma akwai masu faɗin gaskiya: Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya miƙe a majalisa a Agustan 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, abin da ya girgiza sarakuna.

Amma ku duba yadda zaɓen 1951 ya gudana. Hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe an ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Majalisa ta cika da hakimai da ma'aikatan En'e. A 1953 Sardauna ya zama ministan ƙananan hukumomi, wato mai sa ido kan En'e-En'en nan, a 1954 ya zama Firimiya.

To, a hannun En'e 'yan doka suke, da kotun alƙali, da gidan yari, da karɓar haraji da jangali. Ita ke ba da izinin lacca. Ka ɗauka kai talaka ne ɗan NEPU: wanda zai yanka maka haraji ɗan takara ne, wanda zai ba ka izinin taro abokin aikinsa ne, in an kama ka alƙalin da za a kai ka gabansa baitulmali ɗaya ke biyansu. Ka ce za ka kai kuka majalisa, can ma su ne. Ba sai mutum ya zama azzalumi ba. Ko waliyyi ne, da wuya ya tashi a Kaduna ya tona asirin ofishin da zai koma ranar Litinin.

Abin mamaki, Sardauna da kansa ya ɗanɗani wannan. A 1943, yana Gusau, aka tuhume shi kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa shekara guda, sai da ya ɗaukaka ƙara Zariya aka wanke shi. Shi yana da inda zai ɗaukaka. Manomin Kwatarkwashi fa?

Sojoji ne suka warware ƙullin. Zamanin Gowon aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga En'e, a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi irin na yau. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ce ma'aikacin gwamnati mai neman majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa sai ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

A takarda an gama. A aikace kuwa kowa ya san dabarun: a rubuta takardar ajiye aiki a jefa cikin durowa, in an ci a fito da ita, in an faɗi a koma ofis kamar an dawo daga hutu. Ko a ƙi yin zaɓe a naɗa kantoma, wani sa'in ma'aikaci ne daga ma'aikata, ya gama riƙon ya koma inda ake duba lissafin ƙananan hukumomin. Malamin firamare da ba shi da ubangida, shi kam in ya ajiye aiki ya ajiye ke nan, sunansa ya fita daga baucan albashi tun watan, ko da kuwa a zaɓen fid da gwani aka kayar da shi.