Barin Taba a Ƙasar Hausa, Daga Zauren Malamai Zuwa Ƙofar Masana'anta

Taba ba 'yar ƙasa ba ce. Asalinta daga Amurka ne, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, sunanta ma baƙo ne, dangin wanda Turawa da Larabawa ke kiranta da shi. Amma Hausa ta yi mata masauki sosai: ga lofe, ga garin da ake haɗawa da kanwa a ɗura a baki, ga fure da mata ke rina haƙora da shi, kamar yadda Clapperton ya gani a Kano cikin 1824. Aikatau ɗin da aka ba ta kuwa shi ne "sha", na ruwa da fura, yadda Larabci ma ya yi. Watau harshe ya ajiye ta a layin abin da ake marmari, ba a layin ciwo ba.

Saboda haka gardamar farko ta malamai ce. Cikin 1607 Ahmad Baba na Tambutu, yana kan hanyarsa ta komowa daga Maroko, ya rubuta fatawa ya halatta ta, hujjarsa ita ce ba ta gusar da hankali. Waɗansu ba su yarda ba. Daular Masina ta Shehu Ahmadu ta hana ta, malaman Kunta suka yi jayayya da hanin. Wadda ta fi taɓa Hausawa ita ce ɗariƙar Tijjaniyya, gama Shehu Ahmadu Tijjani ya tsananta a kan taba, har barinta ya zama alamar mai riƙe da wuridi. Da ɗariƙar ta yi ƙarfi a Kano zamanin Sarki Abbas, ta kuma bazu bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas cikin 1937, sai barin taba ya zama alkawari da mutum kan ɗauka gaban muƙaddami. Lalle wannan hanya tana da ƙarfin da bai kamata a raina ba, don wanda ya bari ba shi kaɗai yake ba, kullum yana zaune da 'yan'uwa a wajen wazifa, idonsu na kansa. Rauninta ɗaya ne: wanda ya koma, sai a ce imaninsa ne ya gaza.

Ana cikin haka sigari ya shigo. Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya cikin 1959, shekara tara ke nan bayan Doll da Hill sun nuna a Ingila cewa sigari na jawo sankarar huhu. A wannan zamani ne kuma kudancin kogin Kaduna ya soma cika da leburori, tun daga masaƙar Kakuri ta 1957, daga baya filin masana'antu ya miƙe zuwa Kudenda. Lofe na mai zaman hira ne, sai an cika, an nemo garwashi. Sigari kuwa ya dace da mutumin da ƙararrawa ke mulki: minti biyar na hutu, kara ɗaya daga mai tebur a bakin ƙofa, a koma bakin inji. Sayarwa kara-kara ita ta sa talaka bai taɓa jin nauyin kuɗin ba.

Abin da malaman dā ba su da hanyar sani shi ne aikin nikotin. Yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin, rabinsa kuma ya fice daga jini cikin sa'a biyu, sai jiki ya sake nema. In an bari, ƙunci da saurin fushi da rashin barci sukan tsananta a kwana na biyu da na uku, su lafa cikin 'yan makonni. Sai cikin 1988 Babban Likitan Amurka ya bayyana a hukumance cewa kamun nikotin irin na hodar iblis ne. Watan azumi ya daɗe yana nuna wannan a fili: mashayi kan jure tun daga alfijir har faɗuwar rana, amma da an kira magariba hannunsa na rawa wajen neman ashana. Niyya ba ta gaza ba, jiki ne ke bin bashi. Nan Hausa ta ɗan yi ƙaranci, gama "sabo" ya yi sauƙi, "jaraba" kuwa tana ɗauke da zargi, ba kuma ɗayansu da ke sa mutum ya tuna da asibiti, inda ake da cingam da filastar nikotin masu rage wahalar makonnin farko.

Hukuma ta biyo baya a hankali. An yi dokar soja ta 1990, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya cikin 2005, sa'an nan dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma ce sigari sai a kwali mai kara 20. Wannan sashe na ƙarshe shi ya nufi teburin bakin ƙofa kai tsaye, shi ne kuma ya fi wuyar zartarwa, don mai tebur da abokin cinikinsa duka sun saba da kara ɗaya.