Tufafin Lokacin Zufa a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Waiwaye Cikin Tarihi

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda mutanen Boɗinga da Shagari suka daidaita suturarsu da yanayin ƙasarsu, tun daga zamanin jihadi. Sau da yawa baƙo kan ga mutum cikin babbar riga da tsakar rana, ya ɗauka son girma ne ya sa shi azabtar da kansa. Ni kuwa ina ganin rigar don zafin aka yanke ta, kuma wahalar da ake sha a cikinta daga baya ta samo asali ne daga canjin yadi.

Zafin ƙasar Sakkwato iri biyu ne, kuma dole a rarrabe su. Na farko shi ne busasshen zafin bazara na watannin Maris da Afrilu, sa'ad da awon zafi kan haura digiri 40, amma gumi na fita yana bushewa. Na biyu yakan zo ne daga watan Mayu, idan iskar damina ta fara kaɗowa da laima, ya sake dawowa bayan ɗaukewar ruwa. A nan ne gumi ke kwanciya a jiki ya ƙi bushewa, ƙuraje su feso wa yara. Tufar da za ta yi amfani a irin wannan lokaci sai ta cika sharuɗɗa biyu: ta tsotse gumi, ta kuma bar iska ta ratsa.

Rigar saƙi ta cika su duka. Mata ne ke kaɗa audugar da aka noma a nan gida, masaƙa su saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya faɗinta bai wuce 'yan yatsu ba, sannan maɗinki ya harhaɗa. Da yake zaren hannu ba ya zama daidai wa daida, saƙar takan bar ƙananan kafofi waɗanda iska ke bi. Ɗinkin kansa ma haka yake: gefe biyu na rigar a buɗe suke tun daga kafaɗa har kusan ƙasa, ba ta taɓa jiki sai a wuya da kafaɗu, kuma duk takun da mai ita ya yi sai ta yi masa fifita. In zafi ya tsananta ya naɗe hannuwan ya aza a kafaɗa. Wando kuma buje ne, mai yalwar hantsa. Manomi ba ya ma kai wa nan, 'yar shara ko taguwa da malfa sun ishe shi zuwa gona, mace kuwa zane da mayafi na auduga.

Wannan yanki yana da wani dalili na musamman da ya ƙarfafa farar tufa marar nauyi. Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga, har Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Sutura ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu, domin tun kafin hijira Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Shehu ya soki sarakunan Hausa a cikin Kitabul Farƙi da cewa suna sa duk tufar da suka ga dama, ko ta halatta ko ba ta halatta ba. Malam Abdullahi ya fi shi zafafawa, don a Tazyinul Waraƙati 'yan'uwansa masu jihadi ya zarga da karkata ga mulki da tufafin alfarma. To, garin da irin wannan malami ke karantarwa, ɗalibi ba zai so a gan shi da rigar ƙawa ba. Abin da malamai suka zaɓa don tsantseni, watau fari marar yawan aiki, shi ne kuma ya fi dacewa da rana. Ƙore da aka rina da baba aka buge ta da shuni tana da kwarjini, amma tana da nauyi, kuma gumi na zuba takan bar wa mai ita shaida a fata.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, musamman da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, akoko da alawayyo suka cika kasuwanni. Masaƙa sun ji jiki, amma mai sawa bai yi hasara ba, tunda yadin auduga ne, har ya fi saƙi sauƙin ɗauka. Haka ma abin da masaƙar Kaduna ta riƙa fitarwa daga 1957.

Garin Shagari kuwa shi ya ba ƙasa mutumin da ya kai wannan shiga fadar mulki. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma da babbar riga da doguwar hula aka san shi, a Ikko mai laima da kuma ƙasashen waje, har aka riƙa kiran irin hular da sunansa. Sai dai a daidai waɗannan shekaru na kuɗin man fetur ne yadin roba ya bazu. Ba ya yamutsewa, ba ya son guga, ga araha, saboda haka ya shiga ran ma'aikata da ɗalibai. Amma zarensa ba ya shan ruwa, gumi sai ya tsaya tsakanin fata da riga. Shadda ta auduga ce a asali, to amma idan aka cika ta da sitaci aka buge, kafofin sun toshe, ga aikin keke da ke daɗa wa ƙirji nauyi. Na sha ganin ɗalibaina a ɗakin jarrabawa cikin watan Yuni, kaftani ya manne musu a baya, suna fifita da takardar tambayoyi, alhali dattijon da ke gadin ƙofa yana zaune lafiya cikin tsohuwar taguwar alawayyo.

Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, yawancin yadin da ake sayarwa kuma daga Sin yake zuwa, mai saye ba ya iya tantance auduga da roba da ido. Shi ya sa wasu teloli kan zare zare ɗaya daga bakin yadi su kusanta shi da ashana: na auduga yakan ci ya zama toka, na roba kuwa sai ya narke ya dunƙule.