Teburin Mai Shayi a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Teburin mai shayi shi ne wurin karin kumallo da hira na matafiya da 'yan kasuwa a jihar Maraɗi. Kayansa sanannu ne: dogon tebur da benci, tukunyar ruwa a kan gawayi, gwangwanayen madara da Nescafé an jera su, ga ƙwai, ga burodi a lulluɓe. Nijar ba ta noman gahawa ko ganyen shayi, don haka tarihin teburin tarihi ne na hanyoyin fatauci. Teburin ya fi yawa a bakin babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Damagaram, wanda ya ratsa Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa.

Kafin zuwan shayi

Tun zamanin da Gobirawa suka kafa Tsibiri a wajajen 1836, abin da ake tarbar baƙo da shi ruwa ne da fura, sai goron da fatake suke kawowa daga Gwanja. Kalacin safe kuwa koko ne da ƙosai, ko kunu da waina, kuma mata ne ke da wannan sana'a. Su suke jiƙa wake tun dare, su surfa shi, su markaɗa, kafin gari ya waye mai ya yi zafi a kasko. Bunƙasar cinikin gyaɗa a zamanin Faransa ta ƙara yawan masu kwana a kasuwa da tasha, ta kuma wadata masu tuya da mai da ƙuli-ƙuli.

Hanyar hamada

Koren shayin Sin ya yaɗu a Maroko a shekarun 1850, lokacin da yaƙin Kirimiya ya sa 'yan kasuwar Ingila suka karkata hajarsu zuwa can. Daga nan Larabawa da Abzinawa suka ƙetaro da shi Sahara, ya iso ƙasar Hausa tare da ayarin raƙuma. Wannan shi ne shayin ƙaramar buta, wanda ake dafawa zagaye uku: na fari mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi. Gwani yakan ɗaga butar sama yana tsiyayawa cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tashi ta tsaya. Bayan Taron Ƙasa na 1991, samari suka yi ta kafa majalisun da ake kira fada, kuma wannan butar ce ke tara su. Wata marubuciya, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi a kan fadojin Nijar a 2019.

Hanyar teku

Gahawa asalinta Habasha, Sufayen Yaman suka mai da ita abin sha a ƙarni na 15, alhazai kuma sun san ta a Makka. Amma wadda ta shiga ƙauyukan Maraɗi ta gwangwani ce. Kamfanin Nestlé ya ƙirƙiro Nescafé a 1938, daga baya ya soma sarrafa ta a Abijan. Mutane suna kiranta kafe, idan an zuba madara kuma kafe ole. Ita da Lipton da madarar gwangwani suka mai da dafa shayi sana'ar neman kuɗi. Daga kudu, ta Jibiya da Ɗan Isa, Indomie ta shigo bayan an fara yin ta a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990. Samarin yankin da suka je ci-rani Katsina da Kano da Legas, da yawansu shayi suka sayar, suka dawo gida da jari da gwaninta.

Abincin gefen tebur

Kofin kafe ba ya riƙe manomi zuwa azahar. Shi ya sa ba a rasa mai ƙosai ko mai waina kusa da teburin, ko yarinya da tallan awara da dambu da kwaɗon zogale. Da yamma mai tsire ya hura wuta. A Agye da Cadawa da Gazawa, inda noman aya ya yi ƙarfi, ana samun soyayyar aya da kununta. Ciniki da dala ake yinsa, dala ɗaya sefa 5, wanda ba shi da ita kuma a rubuta masa zuwa ranar kasuwa.

Farashi da iyaka

Kusan komai na kan teburin daga waje yake zuwa, shi ya sa duk wani motsin kuɗi ko iyaka mai shayi ne ke fara jin sa. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tsauwala madara da sukari. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun rage motoci da matafiya, ciniki ya ja baya. Masu tebur sun bi da lamarin ta hanyar ƙulle-ƙullen sukari da ƙananan fakitin kafe, matan tuya kuma suka ci gaba da dogaro da waken gida da man gyaɗa.