Badagiri: Kasuwar Bakin Teku da Dangantakarta da Ƙasar Hausa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a jawo hankalin manazarta zuwa ga wani gari wanda, ko da yake yana nesa da mu, tarihinsa ya shafe mu ƙwarai. Badagiri tana yamma da Ikko, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, a bakin wani tafki mai shimfiɗe kusa da teku. Galibin mutanenta 'yan ƙabilar Ogu ne, waɗanda ake kuma kira Egun, kuma sarautar garin ana ce mata Akran. Sana'o'insu su ne su da noman kwakwa da fatauci. Daga cikin al'adunsu akwai dodon Zangbeto, mai gadin gari da dare, da kuma dogon gangan nan da ake kira Sato.

Sai dai abin da ya ɗaga sunan garin a ƙarni na 18 shi ne cinikin bayi. A kasuwar Vlekete ake sayar da su, sa'an nan a ƙetare da su tafkin zuwa tsibirin Gberefu, inda jiragen Turawa ke jira. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun sa bayi 'yan Arewa sun yawaita a tashoshin wannan gaɓa. Hujja a nan ita ce, Hausawa ne suka shirya tawayen bayin da aka bankaɗo a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807.

Haka nan kuma, daga Badagiri ne Kyaftin Clapperton ya tashi a watan Disamba na 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a can ya rasu a 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri a wannan shekara, aka zarge shi da leƙen asiri, aka ba shi gwaji ya sha guba, amma ya kuɓuta. Bayan haka 'yan mishan suka iso a 1842, suka gina benensu a 1845, sa'an nan Ingila ta haɗe garin da Ikko a 1863.

A yau masu yawon buɗe ido suna zuwa ganin wannan bene, da sarƙoƙin bayi, da kurkukun Seriki Abass, wanda laƙabinsa ma daga kalmarmu ta "sarki" ya samo asali. Amma akasari labarin da baƙo ke ji yana farawa ne daga bakin ruwa, alhali kuwa tafiyar bawa ta faro tun daga garuruwan tudu. Saboda haka ya kamata ɗalibanmu na tarihi su bi sawun waɗannan hanyoyi, tun kafin 'yar ragowar labarin da ke bakin dattawa ta salwanta.